Ƙofar da Ta Cije a Abhur

Hindawiyya, Jidda
Ƙarshen Muharram

Yaya Dela,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Asma'u mai masaukinki da yaranta duka. Yaya ƙafar? Kina shan maganin kuwa, ko kin rabar wa maƙwabta yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ruɗuba, zafin nan mai laima, ta sauko wa Jidda bana, mutum ya fito wanka kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Latifatu tana gaishe ki, ta ce ƙunshin da kika aiko mata watan jiya ya iso, dilka da humra, da wani abu da ta ce na mata ne, ba ruwana. Ni ma ban tambaya ba.

Mustafa ya ce jirginsu zai koma Sawakin jibi, shi ya sa na zauna rubutu. Tun da wayarki ta tafi a hanyar gudun hijira, kuma kin rantse ba za ki yi maganar gida a wayar aro tsakar gida cike da kunnuwa ba, to ga mu mun koma ajamin da Baba ya koya mana. Allah Ya saka wa Mustafa, kuku ne a jirgin fasinja amma mun mayar da shi gidan waya.

Kin riga kin ji jikin Alhaji Abdulmohsen ya yi nauyi, ya miƙa komai ga ɗansa Turki, har da jirgin ruwan nan mai tafiya da iska da nake kula da shi a marsar Abhur, inda ake ɗaure jirage, har da ni kaina. Yanzu yaron ne kafilina, mai tsaya min a takardun zaman ƙasar. Ba shi da laifi. Marigayiya Turai ce ta goya shi, wadda ta samo min aikin nan, har yau yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, musamman ta zagi. Amma iƙamata, takardar izinin zama, za ta ƙare a Rabi'ul Awwal, kuma har yanzu bai ce min uffan a kanta ba.

Ana cikin haka sai ƙofar jirgin ta tsiro da nata. Ɗakin jirgin a ƙasa yake, da matakala ake sauka. Ƙofarsa ta sama murfi ne na katako mai nauyi, yana kwance kan dogo biyu, dama da hagu. In ka tura shi gaba sai ya shige cikin wani rufi da aka ɗaure da sukurori, kamar wuƙa cikin kube. Shekara da shekaru da yatsa ɗaya nake tura shi. Yanzu da ya kai rabi sai ya cije. Na wanke dogon da ruwan daɗi, na fitar da gishiri da yashi, na goga masa kyandir. Mai ko giris ba a sawa, ƙura suke kamawa. Ya ɗan saki, washegari ya koma.

Ran Juma'a Turki ya zo da abokansa za mu fita teku. Na tura, na tura, har da kafaɗa. Sai ya ce, "An iznak ya Ammi," wato da izininka baffa, ya sa hannu ɗaya ya banka, ƙofa ta wuce. Ya sauka abinsa, abokan suka kau da kai suka bi shi. Wallahi Yaya da sun yi dariya da ya fi min sauƙi.

Kwana biyun nan hannun dama yana min tsami da safe, amma turin ƙofar ne, ba wani abu ba. Na faɗa miki ne kawai don ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Rafi'u

*

Bur Sudan
Farkon Safar

Rafi'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafa da sauƙi, kuma maganina ina sha, rabi kawai na ba wata tsohuwa da ta fi ni bukata, kada ka fara min wa'azi. Asma'u da yara suna gaishe ku.

Yanzu ka saurare ni. Ni za ka yi wa wayo? Ni da na yi maka wanka, na goya ka zuwa bakin kogi a Mai Wurno? Na karanta takardarka, na koma na dube ta da ido kawai, ba karatu. Layukanka duk sun gangara ƙasa. Alifanka sun kwanta, wasu ɗigon sun bar haruffansu sun tafi yawo. Na ɗauko takardunka na baya na jera su kan tabarma, ba haka kake rubutu ba.

Kai kana Jidda lokacin Baba, ni ce a gabansa, don haka bari in tuna maka yadda abin ya fara. Da sakatar zaure ya fara. Ya ja ta ƙi, ya ce tsatsa ce. Na shafa mata man gyaɗa, na ja da hannun hagu ta buɗe, ya ce ai don na shafa mai ne. Sai rubutunsa a allo ya fara gangara. Kafin damina ta fita ya faɗi a wurin alwala, ɓarin dama ya shanye, kuma ka san shekarun da na yi ina juya shi a gado. Yau kai ma ka zo min da ƙofa, da hannun dama, da "ba wani abu ba." Inna lillahi. Tun da na karanta abinci bai wuce min da daɗi ba.

Ka je asibiti. Ka bar kunyar yaron nan, in ya ga dama ya sani. Kuma ka rubuto min gaskiya: bakinka ya karkace? Kana iya riƙe buta da hannun? In ka ɓoye min Latifatu ba za ta ɓoye ba.

Ga ɗan ƙunshi nan na ba Mustafa, na matarka ne. Kada ka buɗe, karambaninka na sani.

Yayarka,
Dela

*

Bur Sudan
Farkon Safar

Latifatu amaryarmu,

Sallama da gaisuwa. Sannu da haƙuri da ƙanena, Allah Ya ba ki lada. Wannan takardar taki ce ke kaɗai, shi ya sa na naɗe ta cikin dilka.

Layar da na aiko miki kwanakin baya, kin aiko min ta bakin Mustafa cewa saƙo ya isa inda aka ce. Na ji daɗi. Don farin jini na sa aka rubuta ta, yaron nan Turki ya ga mijinki da idon rahama ya sabunta masa iƙama. To amma ga shi yana kukan hannu. Ni dai zuciyata ta ba ni akwai mai son gurbinsa a marsar nan, kuma ƙaramar laya ba ta ishe shi ba. Na koma wurin malamin, wani dattijo ne mutumin garinmu da muka gudo tare, ya rubuta ta tsari, ta fi waccan kauri. Da hannuna na ɗinke ta.

Ki sa ta inda kika sa ta farko, bisa ƙofar da yake wucewa ƙarƙashinta kullum, kuma inda ido ba zai gani ba. Tunda ke kike zuwa ɗaukar zannuwan jirgin wanki kina turara ɗakin, ba wanda zai tuhume ki. Ki yi hattara don Allah, na san ƙasar da kuke, in aka ga irin wannan sai a ce sihiri ne, alhali ayoyin Allah ne. Shi ma kada ya sani. Tun da ya zauna da Larabawa ya zama babban malami, zai ce mana bidi'a.

Ki lura min da bakinsa in yana cin abinci. Ki ƙona takardar nan in kin gama.

Yayarku,
Dela

*

Marsar Abhur
Tsakiyar Safar

Yaya Dela,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Latifatu lafiya, tana gaishe ki. Ni kuma gani nan dai.

Da na karanta maganar layukan sai na yi dariya. A cikin jirgi na rubuta waccan takardar, duk da na sa Hindawiyya a samanta, bisa gwiwata, iska na kaɗa mu. Na yi niyyar in tsokane ki da wannan, in ce ke ce likitan alifai. Amma abin da ya faru shekaranjiya ya ɗauke min dariyar.

Da hantsi na sauka ɗakin jirgin in duba injin. Na jera allunan da ke toshe bakin ƙofar ta gaba, na ja murfin na rufe don rana. Ki sani allunan nan ba sa fita sai murfin ya buɗe. Na gama aiki na zo fita, na tura, ya motsa kamar faɗin tafin hannu ya tsaya cak. Na sa hannu biyu. Na sa kai da kafaɗa. Akwai 'yar taga a gaba da mutum zai iya fita ta ciki, amma ni da kaina na ɗaure kwale-kwalen roba a kanta. Wayata kuma tana waje cikin aljihun riga, ina jin ta tana ƙara.

Yaya, ba ki san zafin cikin jirgi a rufe da tsakar rana ba. Na shanye ruwan da ke wurin. Na yi ta bugun katako ina kira, marsa ba kowa, duk wanda ke da hankali yana inuwa. Na ji kiran azahar daga nesa, na zauna kan matakala na sa hanci a 'yar kafar ina shaƙar iska. A nan na tuna Baba da sakatarsa, tun kafin ma in tuna takardarki.

Turki ne ya zo, ya yi ta kira ban ɗauka ba. Ya tokare da ƙafa ya ja da hannu biyu, ƙofa ta yi ƙara ta buɗe rabi. Ya fito da ni, ya zuba min ruwa a ka. Ya ce tana da tauri, gaskiya ne, amma ai tana buɗewa. Sannan ya zauna kusa da ni ya ce da Hausar Turai, "Ammi, ka gaji." A hankali ya faɗa, da tausayi, kuma ba a taɓa zagina ya yi min ciwo kamar haka ba. Ya ce zai kawo wani saurayi ya riƙa taimaka min. Ke ma kin san ma'anar taimako irin wannan. Ba a sabunta iƙamar mutum biyu don jirgi ɗaya.

Ban je asibiti ba. Takardar asibitin ta hannun kafili take bi, kuma ina tsoron abin da za su ce. Bakina bai karkace ba, na duba madubi. Buta ina riƙewa. Amma hannun ya kumbura, kuma ban sani ba ko bugun ƙofa ne ko abin Baba ne. In rubutun nan ya karkace, yau kam ba iska ba ce, jirgi a ɗaure yake.

Na roƙi Turki ya bar ni in kwance kuben gaba ɗaya, ya ce mahaifinsa bai taɓa yarda a taɓa shi ba tun da aka liƙe shi, kada ruwa ya samu hanya. Zai yi shawara. In na kwance ban ga komai ba, halas, shi ke nan, na san amsa. Ina jin tsoro, Yaya. Ban faɗa wa Latifatu haka ba.

Rafi'u

*

Bur Sudan
Ƙarshen Safar

Rafi'u,

Sallama. Muna nan da rai. Ban san ko ku kuna lafiya ba, don ba wanda ya gaya min.

Tun takardarka ta cikin jirgi shiru. Na je Sawakin da kaina a motar haya, aka ce jirgin su Mustafa yana wajenku ana gyara, ba a san ranar dawowarsa ba. Na karya rantsuwata na ari wayar Asma'u, na kira lambarka sau ba adadi, layi ya ƙi shiga, ranar da ya shiga kuma ba a ɗauka ba. Wannan takardar wata baiwar Allah mai zuwa umra na ba, ta ce tana da 'yan'uwa a Hindawiyya.

In kana kwance, Latifatu ta karanta maka. Ka ji ni da kyau: in yaron nan ya sallame ka, ka taho. Kada ka tsaya ɓuya a Jidda ba takarda da shanyayyen hannu. Ba mu da gida yanzu, gaskiya ne, ɗaki ɗaya ne da labule a bakinsa, amma na share maka kusurwar da ta fi samun iska. Asma'u ta ara min angarib ɗinta, gadon igiya mai ƙarfi, na sa an ɗaure shi sabo. Na san yadda ake juya mutum, na san yadda ake ba shi kunu ba tare da ya ƙware ba. Hannuna bai manta ba. Na yi wa Baba, zan yi maka, ba gori.

Abu ɗaya nake roƙo, ko layi ɗaya ne a rubuto min. Ko da hannun hagu.

Dela

*

Hindawiyya, Jidda
Rabi'ul Awwal

Yaya Dela,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Lafiya lau nake. Na sake faɗa, lafiya lau, ni da hannuna da bakina. Latifatu ma lafiya, tana nan zaune nesa da ni kaɗan, ta ce in gaishe ki amma ba za ta haɗa ido da takardar ba. Ki yafe shirun. Mustafa sai yau aka sallami jirginsu, wayar Asma'u kuma na ga kira ina teku, na yi ta mayarwa ba ya shiga. Takardarki ta hannun mai umra ta same ni, na karanta maganar angarib na kasa ƙarasawa sai da na fita waje.

Kafin ki ci gaba, dubi layukan nan. A kan tebur nake rubutu, a gida. Auna su da zare in kin so.

To ga labari. Turki ya yarda a kwance kuben, amma ya ce sai yana wurin. Ran Asabar da safe muka haɗu. Latifatu ta biyo ni da zannuwan da ta wanke. Na yanka abin liƙin da wuƙa a hankali, na fara kwance sukurori, Turki na riƙe da kofin shayi ina jefa masa su ciki. Sai na ji matata ta fara tari. Na ce ta sha ruwa. Ta ce, "Malam, rana ta yi, a bar aikin nan sai gobe mana." Matar da ba ta taɓa sa baki a aikin jirgi ba! Na ce wace rana, ko hantsi bai yi ba. Ta ce to Turki ya je ya huta a mota. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Ta zauna kan zannuwan ta rufe fuska da mayafi.

Muka ɗaga kuben ni da shi. Yaya, me zan gani? Can ƙurya, daidai inda bakin murfin ke shiga, abu biyu baƙi-ƙirin a dunƙule, sun sha ruɗuba da ruwan gishiri sun kumbura kamar kwaɗi. Ƙaramar ta maƙale cikin dogon dama. Babbar ta hau kanta ta tokare hanya, murfin ya yi ta nika ta har ta baje. Daga baya na ji da muciya aka tura su, don su shiga sosai.

Na gane su nan take, kuma jikina ya yi sanyi fiye da ranar da na maƙale. Kin san inda muke. Raunin hannu sallama ce kawai, wannan kuwa in ya so ya kai ta gaba, sai dai ki ji labarinmu. Turki ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Ya ajiye kofin, ya ɓamɓaro ƙaramar da ɗan yatsa, ya juya ta, ya kai hanci ya shinshina. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, "Laya."

Da bakinsa, Yaya. Ya ce Dada Turai ta ɗinka masa irinta cikin matashin kai yana yaro, shekaru yana kwana a kanta yana ƙorafin matashin na da ƙashi, sai bayan ta rasu mahaifiyarsa ta farke ta gani. Ya yi dariya har ya zauna, sannan idonsa ya kawo ruwa. Ya dubi Latifatu ya ce, "Khala," wato inna, "ke ce?" Ta ce daga cikin mayafi, "Ni da Yaya." Ko minti ɗaya ba ta rufa miki asiri ba. Ya miƙo min su ya ce in sa a aljihu, shi bai ga komai ba, kuma kada ya ƙara rashin gani a jirginsa.

Na kankare dattin fatar daga dogon, na bi shi da samfefa mai laushi, na wanke, na bar shi ya bushe, na goga kyandir. Muka ɗora murfin. Turki ya ce, "Yalla ya Ammi." Na ce bismillah, na sa ɗan ƙaramin yatsan hannun dama. Ƙofa ta tafi suuu har ƙarshe. Na jawo ta, ta dawo. Na sake turawa. Ban san sau nawa na yi ba, ina turawa ina jawowa kamar yaro ya samu abin wasa, hawaye na zuba, ban ko share ba. Da na mayar da kuben na liƙe, da wannan hannun na ɗaure sukurorin duka, Turki ya gwada ƙara ɗaure ɗaya ya kasa motsa shi.

Duk da haka shi da kansa ya kai ni asibiti washegari. Suka ce tsoka ce ta wahala, in huta da dambe da ƙofofi, jini kuma ya ɗan hau, in rage gishiri. Maganar saurayin ba a sake tayar da ita ba. Iƙama ta fito ran Laraba, ga ta nan a aljihuna.

Yanzu ni da ke. Wato ku biyu kuka haɗa kai kuka kusa dafa ni a cikin jirgi don tsaro? Na kawo kukan ƙofa ta cije, maganinku shi ne a ƙara mata wata! Na so in yi faɗa, na shirya wa'azi mai tsawo, har da hadisai. Sai da na wanke layun na shanya, na ga jar fatar da zanen nan na saƙa a gefe. Gafakar Baba ce. Ita kaɗai kika fito da ita daga Mai Wurno, Mustafa ya gaya min kin bar tukwane da zannuwa kin ɗauko ta. Kika sa mata almakashi saboda ni. Sai na ajiye wa'azin.

Ra'ayina bai canza ba, addu'arki ta ishe ni, ita ba ta kumbura. Amma fatar tana wurina, na naɗe ta cikin akwati. Don girman Allah kada ki sake aiko wa Latifatu abin mata.

Ƙanenki mai hannu biyu,
Rafi'u

*

Bur Sudan
Rabi'ul Awwal

Rafi'u,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Lafiyarmu lau, yau kam da gaske nake faɗa.

Mustafa ya miƙo min takardar a bakin ƙofa, ban ko ce masa sannu da zuwa ba. Ban karanta ba tukuna, na buɗe na ɗaga ta a rana. Da na ga layukan a miƙe, alifai a tsaye kowanne da ƙafarsa, sai na zauna a ƙasa. Yaran Asma'u suka ruga suka kira ta, sun zaci rasuwa ce. Na yi sujada a nan tsakar gida, sannan na karanta, na yi dariya har ƙafar ta motsa min.

Ka gaya wa matarka ni bisa ƙofa na ce, ban ce a maƙogwaron ƙofa ba. Muciya kuma! Amma kada ka yi mata faɗa, umarnina ta bi, kuma na ji yadda ta sayar da ni a gaban Balarabe, za mu haɗu. Yaron nan Turki ka ce ina gaishe shi, Allah Ya jiƙan Turai, ta yi goyo.

Da na tuna kana zaune kan matakala da hanci a kafa, kuma ni ce sila, sai dariyar ta tsaya. Ka yafe min, ɗan'uwana. Tsoro ne ya yi min yawa. Mun rasa gida, mun rasa gari, ban ga yadda zan yi in rasa ka a kai ba.

Tunda gaskiya ake faɗa, akwai ta uku. Na ɗinke ta lokacin shirun nan, ta kai tafin hannu, ita ta cinye sauran gafakar, igiyar ratayawa kawai ta rage. Da jirgin Mustafa bai lalace ba da tuni tana cikin kubenku, ka gode wa Allah. Ba zan aiko ba. Na rataye ta a ƙusa bisa labulena, shi dai ba ya cijewa.

Ka rage gishirin kamar yadda suka ce, kuma ka daina barin waya a aljihun riga.

Yau da safe na kira yara muka kinkimi angarib ɗin muka mayar wa Asma'u ɗakinta. Ta ce in bar shi mana in riƙa kwana a kai, ya fi tabarma. Na ce a'a, a fitar min da shi, mai shi ba ya zuwa.

Allah Ya bar mu tare, Ya haɗa fuskokinmu kana tsaye da ƙafafunka.

Yayarka,
Dela